Tambaya da Amsa: Manhaja ta faɗi, ta ina zan fara neman inda ta karye?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan karon yawancinsu daga masu rubuta manhaja ne a nan cikin Kano, kuma kusan kuka ɗaya ake yi, abu ya lalace ana tsakiyar aiki ba a san daga ina ba, shi yasa na haɗa su waje guda.

TAMBAYA: Salam Malam, fatan an wuni lafiya. Na rubuta wa maigidana wata 'yar manhaja da Python da muke shigar da cinikin shago a Kantin Kwari. Tana aiki lafiya lau, amma wani lokacin in an danna Sayar sai kawai ta rubuto "An samu matsala", in an gwada wani kayan kuma ta yi. Ni na sa wannan rubutun da try da except, wato umarnin kama kuskure, don kar ta dinga mutuwa a gaban kwastoma. Yanzu Alhaji ya fara cewa a koma littafi, dan Allah ya zan yi? Daga wani matashi a Fagge.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ba Alhaji haƙuri ya ɗan ƙara maka kwana biyu, don tun a cikin tambayarka ka nuna inda gizo ke saƙar. Wannan except ɗin da ka sa shi ne yake haɗiye bayanin da kake nema. Duk sanda manhajar ta yi tuntuɓe Python yana haɗa maka cikakken rahoto, wane fayil, wane layi, wa ya kira wa har aka iso wurin, kai kuma sai ka karɓa ka zubar ka rubuta "An samu matsala" a madadinsa. Niyyarka mai kyau ce, ba wanda yake so kwastoma ya ga sikirin cike da jan rubutu, amma ɓoye wa kwastoma daban, ɓoye wa kanka daban.

Bari in yi maka bayanin da abin da kake gani kullum. Alhaji ya aike ka ka kawo dila, kai ka je wajen mai sito, mai sito ya tura ɗan dako, kowa yana tsaye yana jiran wanda ya aika ya dawo kafin shi ma ya koma ya ba da amsa. Haka fankishin, wato guntayen kod da kowanne yake da aikinsa, suke a cikin firogiram, wannan ya kira wancan, wancan ya kira na gaba, kuma kowane kira kwamfuta tana ware masa ɗan wuri a memori ta rubuta inda zai koma in ya gama, da abubuwan da aka miƙa masa, da 'yan bayanan da yake riƙe da su. Sabon kira yana hawa kan na baya, in ya gama a sauke shi. Wannan jerin shi masu harkar suke ce wa call stack, in aka ɗauki hotonsa a daidai wani lokaci kuma shi ne stack trace, ni a nan zan dinga cewa sawun kira. Abin da nake so ka riƙe shi ne jerin nan ba ya jira, da zarar fankishin sun dawo an sauke su shikenan ya tafi, in ba ka rubuta shi a lokacin ba to gobe da safe babu inda zaka same shi.

Gyaran layi kaɗan ne. A saman firogiram ɗin ka sa import logging, sai logging.basicConfig(filename="matsala.log", format="%(asctime)s %(message)s") don ya dinga rubuta har da lokaci, sannan a cikin except ɗin, kafin ka nuna wa yaron shago saƙonka, ka sa logging.exception("sayarwa ta gaza"). Kar ka ce print(e) ya isa, shi saƙon kuskuren kawai yake ba ka babu fayil babu layi. Kuma ka mayar da shi except Exception, don except tsirara har Ctrl+C yake kamawa. Randa abin ya sake faruwa ka buɗe fayil ɗin, zaka ga wani abu mai kama da wannan:

Traceback (most recent call last):
  File "shago.py", line 142, in danna_sayar
    sayar(kwando)
  File "shago.py", line 88, in sayar
    jimla = lissafa(kaya)
  File "lissafi.py", line 31, in lissafa
    kudi = farashi * adadi
TypeError: unsupported operand type(s) for *: 'NoneType' and 'int'

A Python daga ƙasa ake fara karantawa, shi ma layin farko abin da yake faɗa maka kenan, kira na ƙarshe yana ƙasa. Layin ƙarshe ya ce an yi ƙoƙarin ninka None da lamba, na samansa ya ce a lissafi.py layi na 31 abin ya faru, sai ka hau sama kaga sayar ne ya kira shi, shi kuma danna_sayar. To a nan mutane da yawa suke yin gaggawa, su je layi na 31 su sa in farashi babu komai a mayar da shi sifili, manhaja ta daina kuka, a wayi gari ana sayar da shadda kyauta a lissafi. Layin da ya faɗi ba lallai shi ne mai laifi ba, shi dai a hannunsa abin ya fashe. Tambayar ita ce wa ya miƙo masa farashin da babu komai, kuma a irin taka manhajar na fi zargin akwai kayan da aka shigar ba a sa musu farashi ba, shi yasa wani kayan yake yi wani ba ya yi. Wannan hasashena ne daga nesa, fayil ɗinka ne zai faɗi gaskiya. Ka sa sunan kayan a cikin saƙon log ɗin ma, zai rage maka wahala sosai. In kuma Python ɗinka 3.11 ne ko sama da haka, wanda ya fito a Oktoban 2022, har alamar ^^^^ yake sawa a ƙarƙashin daidai ɓangaren layin da ya jawo matsalar, wannan kaɗai ya isa dalilin da zaka sabunta.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Na yi wa wata islamiyya manhajar Android ta duba sakamako, a wayata ba ta taɓa faɗuwa ba, amma iyaye suna kirana wai tana rufe kanta. Wata ta turo min abin da ya fito duk a.b.c ne da lambobi, ban gane komai ba. Daga wata 'yar'uwa a Gwammaja.

AMSA: Sannu da ƙoƙari Malama, Allah ya saka da alheri. Abu biyu ne a nan. Na farko yadda sawun zai zo hannunki ba sai kin jira sikirinshot a WhatsApp ba. In wayar da take faɗuwa tana kusa, ki kunna USB debugging ki jona ta da kwamfuta ki buga adb logcat -b crash, ki nemi inda aka rubuta FATAL EXCEPTION. Amma ba zaki bi gida-gida kina jona wayoyin iyaye ba, don haka ki saka Firebase Crashlytics, shi in manhaja ta faɗi yana ajiye rahoton a wayar ya turo miki sanda aka sake buɗe ta, tare da samfurin wayar da sigar Android ɗin da ke kai. Wannan bayanin yana da muhimmanci a wajenmu, don wayar mai rubuta manhaja sau tari ta fi ta masu amfani ƙarfi, ke kina da memori isasshe, wata uwar kuma tsohuwar waya ce a hannunta ta cika maƙil da hotuna. In ta Play Store kika raba, Play Console ma yana nuna rahoton faɗuwa a ɓangaren Android vitals.

Na biyu a.b.c ɗin nan. Ba lalacewa ya yi ba, R8 ne, wanda ya gaji ProGuard, yake gajarce sunayen kilas da fankishin lokacin da kika gina sigar da za a raba, don manhajar ta ƙanƙance. Yana barin fassarar a wani fayil mai suna mapping.txt a cikin app/build/outputs/mapping/release, da shi ne 'yar manhajar retrace take mayar da sunayen na asali. Dan Allah ki kula da wannan, kowane gini da nasa mapping.txt, in kika sake gini sabo zai hau kan tsohon, to in iyaye suna kan tsohuwar siga ke kuma kin rasa fayil ɗinta kin shiga wahala. Duk sigar da kika fitar ki kwafe nata ki ajiye da lambar sigar a jiki.

Wajen karatu kuma Java da Kotlin akasin Python ne, inda abin ya fashe yana sama. Ki gangara ki nemi Caused by na ƙarshe, yawanci asalin matsalar yana can, sannan a cikin layukan da suka fara da at ki tsallake na android da na java ki tsaya a na farko da yake ɗauke da sunan fakej ɗinki.

TAMBAYA: Ni tawa ba faɗuwa take ba Malam. Node.js ne, duk wanda ya biya kuɗi sai SMS ya je masa sau biyu, kuɗin SMS yana ta ƙonewa, na duba kod ɗin har idona ya yi ja ban ga inda na kira shi sau biyu ba. Daga wani mai karatu a Zoo Road.

AMSA: Na ji daɗin wannan tambayar, don mutane da yawa sun ɗauka sai an samu kuskure ake ganin sawun kira, alhali kowane lokaci kana iya tsayawa ka tambayi firogiram wa ya aiko ni nan. A layin farko na fankishin ɗin da ke tura SMS ka sa console.trace("tura sms"), ka biya na gwaji sau ɗaya, sawu biyu zasu fito, ka ajiye su gefe da gefe. In hanyoyinsu sun bambanta to wuri biyu ne suke kiransa kuma ga su nan ka gani da sunan fayil da layi. In iri ɗaya ne sak, to daga waje ake ƙwanƙwasa maka sau biyu, ko dai kamfanin karɓar kuɗin yana sake turo sanarwa saboda sabarka ba ta amsa masa da wuri ba, ko ka yi rajistar mai sauraron abu ɗaya sau biyu, sai ka sa a dinga duba lambar cinikin kafin a tura. Masu Python nasu traceback.print_stack() ne, masu Java Thread.dumpStack(), masu PHP debug_print_backtrace().

Abu biyu zasu iya ruɗa ka. Injin V8, wanda Node yake gudana a kansa, layi 10 kawai yake riƙewa in ba ka ce masa komai ba, kuma in kana amfani da Express su goman nan suna iya ƙarewa a cikin laburare, wato kod ɗin wasu da ka aro, ba ka ga naka ba, to ka sa Error.stackTraceLimit = 50 a farkon firogiram. Sannan duk abin da ya bi ta setTimeout ko kolbak, wato fankishin da aka miƙa don a kira shi daga baya, lokacin da zai gudana wanda ya tsara shi ya riga ya gama an sauke shi, sai kaga sawun gajere ba asali. Tun Node 12 na 2019 in async da await kake amfani da su yana iya haɗo maka sawun, zaka ga layuka masu at async. In ka gama ka cire console.trace ɗin, ɗaukar sawu yana da tsada in ana yinsa a kowane kira.

TAMBAYA: Manhajarmu ta kemis wani lokaci sai ta ƙame, ba kuskure ba komai, sai mun kashe mun kunna. Daga wani ɗan'uwa a Sabon Gari.

AMSA: Ba ka faɗi da wane yare aka rubuta ta ba, amma shawarar ɗaya ce, kafin ku kashe ku tambaye ta a ina ta tsaya, don kashewar nan ita take share shaidar. In Python ce akwai py-spy, ka buga py-spy dump --pid da lambar firosas ɗin, wato lambar da kwamfuta ta ba manhajar da ke gudana, zai nuna maka layin da kowane zare, wato thread, ɗaya daga ayyukan da manhaja take yi a lokaci guda, yake tsaye ba tare da ka taɓa kod ba. Akwai kuma faulthandler da yake cikin Python tun 3.3, faulthandler.dump_traceback_later(60) zai zubo sawun in daƙiƙa 60 suka wuce ba ka soke shi ba. In Java ce jstack da lambar firosas, ko a Linux kill -3, wanda duk da sunansa ba ya kashe JVM, wato injin da manhajar Java take gudana a kai, sawun duk zaruruwan yake sa ta rubuto, in ma zare biyu ne suka riƙe wa juna makulli zai rubuta maka cewa ya ga deadlock.

Kar ka ɗauka sau ɗaya ka tsaya, ka ɗauka kamar sau uku da 'yar tazara a tsakani, layin da ka gani bai motsa ba shi ne wurin. Abin da nake fara zargi a garin nan netwok ne. Laburaren requests na Python misali ba shi da iyakar jira in ba kai ka sa masa timeout ba, to in data ta ɗauke ana tsakiyar magana da saba yana iya zama yana jira har illa masha Allahu, kai kuma kaga kamar manhaja ta mutu alhali jira take.

TAMBAYA: Malam shafin da aka yi mana da Laravel in ya samu matsala yana fito da dogon rubutu mai sunayen fayil, wanda ya yi mana ya ce ba komai. Gaskiya ne? Daga wata Hajiya mai sayar da kayan kicin, Tarauni.

AMSA: Hajiya ina gaisuwa. Da komai, kuma ki kira shi yau ba gobe ba. Wannan shafin na mai gyara ne lokacin da yake aiki a kwamfutarsa, bai kamata kowa a intanet ya gan shi ba, don yana tona yadda aka jera fayilolin saba da tambayoyin da ake yi wa rumbun bayanai, kuma ɓarayin intanet irin abin da suke nema kenan. Ki ce masa ya mayar da APP_DEBUG zuwa false a fayil ɗin .env, ya sake gina kash ɗin saituna in yana amfani da shi. Ba abin da zai rasa, sawun yana nan yana shiga storage/logs/laravel.log inda shi kaɗai zai gani. Ki kuma tuna masa sawun PHP yana iya ɗaukar abubuwan da aka miƙa wa fankishin, har lambar wayar kwastoma ko kalmar sirri, shi yasa PHP 8.2 ya zo da SensitiveParameter don a rufe irin waɗannan. Tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, kuma ko ba doka amanar mutane ce a hannunki. Haka masu kwafo sawu su watsa a guruf suna neman taimako, a dinga karantawa ana goge abin da bai kamata ba kafin a tura.

TAMBAYA: Ina aji biyu a jami'a, muna yin C. Firogiram ɗina yana cewa Segmentation fault kawai ya fita, babu layi babu komai. Me yasa C ba ya yin irin na Python? Daga wani ɗalibi a Rijiyar Zaki.

AMSA: Ƙanina, saboda Python yana da mai fassara da yake zaune tare da firogiram ɗinka yana riƙe da sunan kowane fankishin da lambar layi, shi kuwa C da an harhaɗa shi ya zama umarnin injin zalla, sunaye da layuka ba sa cikin abin da yake buƙata don ya gudana. Kai zaka ce a bar maka su. Ka harhaɗa da gcc -g -O0, ka buɗe da gdb, manhajar bin diddigin kuskure, wato gdb ./firogiram, ka buga run, in ya faɗi ka buga bt. Zaka ga jeri daga #0, wato inda ya fashe, zuwa main a ƙasa. In #0 yana cikin strlen ko strcpy kar ka zargi laburare, ka buga frame 1 ka koma naka fankishin ɗin, sai info locals, yawanci zaka tarar da foyinta, wato mai riƙe adireshin memori, mai 0x0 tana kallonka.

In so kake firogiram ɗin ya rubuta sawunsa da kansa, glibc ta Linux tana da backtrace() da backtrace_symbols_fd() a execinfo.h, ka haɗa da -rdynamic don sunaye su fito, addr2line kuma yana mayar da adireshi zuwa fayil da layi. Na ce mai _fd da gangan, ɗayan backtrace_symbols() yana kiran malloc, kuma kiran malloc a cikin mai kama siginar SIGSEGV, lokacin da wataƙila memorin ya riga ya dagule, neman wata matsalar ne a kan wadda ake ciki. Na san da yawanku Windows kuke da Code::Blocks ko Dev-C++, can babu execinfo.h, CaptureStackBackTrace ne nasu, amma shawarata ka saka WSL, wato Linux a cikin Windows, ka koyi gdb, zai yi maka amfani har bayan ka gama makaranta. Masu C++ kuma sigar C++23 ta zo da std::stacktrace a cikin yaren kansa.

Wata rana zaka buga bt kaga alamar ?? maimakon sunaye, ko kaga wani fankishin ya ɓace daga jerin. Ɓacewar yawanci aikin -O2 ne, kwamfaila, wato mai harhaɗa kod ɗin, yana narkar da ƙananan fankishin cikin wanda ya kira su, yana kuma daina ajiye frame pointer, rajistar rbp a x86-64, wadda take ɗaure kowane kira da na bayansa. Wannan ya dami masu bin diddigin saurin manhaja har Fedora 38 a 2023 da Ubuntu 24.04 a 2024 suka koma gina kayansu da ita, kai ma kana iya sa -fno-omit-frame-pointer. Ita kuwa ?? in ka riga ka sa -g, sau da yawa alama ce ka rubuta fiye da girman arre ɗinka, wato jerin gurabun da ka ware wa bayanai, ka taka adireshin komawa da ke kan jerin, wato ka goge sawun da hannunka. A nan sai ka sake harhaɗawa da -fsanitize=address, shi zai tsayar da firogiram ɗin a daidai layin da ka fara ƙetare iyaka, in memorin na malloc ne ya nuna maka har inda aka ware shi. Ka gwada a kan aikin naka, in ya fito da abin da ba ka gane ba ka kwafo shi gaba ɗaya daga layin farko zuwa na ƙarshe ka turo, a rubuce ba hoton sikirin ba, mu duba tare a fitowa ta gaba in sha Allahu.